Yadda muka rabu da Abban yarana ba tare da mun taka kotu ba

Ranar da na tabbatar aurena ya ƙare banyi kuka ba, kukan na riga na gama shi tun tuni. Tashi nayi na ɗauko takardar aurenmu a ƙasan akwati na saka a jaka nace gobe Litinin sai kotu. Lokacin ina gidanmu a Tudun Wada, yajina na uku kenan, kuma wannan karon ko Baba bai buɗe baki yace in koma ba, kallona kawai yake yana girgiza kai.

Shekara 11 mukayi, yara 3, mace ce babba sai maza biyu. Bazan zauna ina tona abinda ya faru a ɗakina ba, uban 'ya'yana ne har gobe. Abu ɗaya dai zan faɗa saboda yana da alaƙa da duk abinda zai biyo baya, bai taɓa ɗaga hannu ya dake ni ba. Zama ne kawai ya ƙi, mutum biyu a gida ɗaya sai ayi sati babu maganar da ta wuce ta cefane, in anyi maganar kuma ta ƙare da faɗa, har ta kai babbar yarinyata in taji ƙarar mashin ɗinsa sai ta kwashe ƙannenta su shige ɗaki.

Anti ƙanwar Mama ce ta tare ni a tsakar gida daren nan. Tace ke 'yar nan kin san abinda ake cewa kotu kuwa? Tace ba a ɗaki za'ayi ba fa, a gaban jama'a zaki tsaya ki faɗi abinda kika ƙi faɗa min ni, shima ya tashi ya faɗi naki, kuma 'yan jarida na zama a wajen. Wannan na san gaskiya ne don nima na sha karantawa a Facebook, wance ta maka mijinta wane a kotu a Kaduna, da suna da shekaru da unguwa, mutane na ta dariya a ƙasa. Sai na tuna 'yata tana aji 5 tana iya karatu sarai. Na kwana ban runtsa ba.

Washegari maimakon kotu sai na hau keke na tafi wajen wata 'yar ajinmu ta sakandare da ta zama lauya, ofishinsu na wajen Ahmadu Bello Way. Niyyata ta rubuta min ƙara mai kyau. Ta saurare ni har na gama sannan tace min, tsakaninki da Allah me kike so, ki kayar da shi ne ko ki fita? Nace fita nake so, da yarana, da haƙƙina. Tace toh akwai wata hanya, in bata yi ba kotu na nan ba inda zata.

Ita ta fara bani labarin abin. Tace wani lauya ne a Minnesota ta Amurka mai suna Stuart Webb ya fito da tsarin a 1990, bayan ya gaji da ganin yadda shari'ar rabuwar aure ke raba iyali har da jikoki. Kowa zai ɗauki lauyansa, amma lauyoyin ba na zuwa kotu bane, na zaman teburi ne. Kafin a fara komai sai duka a sa hannu a takarda cewa ba wanda zai kai ƙara ana cikin tattaunawa, kowa zai fito da gaskiyar abinda ya mallaka da abinda ake binsa, kuma in zaman ya watse aka tafi kotu toh lauyoyin nan biyu sun fita kenan, ba wanda zai tsaya wa kowa, sai dai a nemi sababbi a fara daga farko. Nace Barista wannan sharaɗin na ƙarshe fa, ai ni zai cuta. Tace shine ma gishirin abin, don lauyan da ya san ba zai ci kuɗin shari'a ba ba shi da ribar ya zuga ku.

Tace a nan ba'a saba da wannan tsarin ba, amma sasanci ba baƙo bane ko a dokar ƙasa, Legas tun 2002 suka buɗe cibiyar sasanci a jikin kotu, kuma a 2023 anyi sabuwar dokar tarayya kan sasanci. Sai ta ƙara da abinda ya fi kwantar min da hankali, tace mu aurenmu na Musulunci ne, saki baya buƙatar alƙali in an amince, saɓanin auren rajista da ke ƙarƙashin dokar 1970 wanda sai Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi. Wata abokiyar aikina 'yar Barnawa da tayi auren rajista dole ta je kotu, sai dai itama sun shirya komai a waje suka kai wa alƙali a rubuce.

Da na dawo gida na kwashe duka na faɗa wa Kawu, yayan Mama, sai yayi murmushi yace yo 'yata ai wannan yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 35, a tashi mai hukunci ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta, turawan naku lauya kawai suka ƙara da takarda. Yace amma takardar nan kada ki raina ta, mu abinda ke kashe mu kenan, a zauna a zaure ayi magana mai daɗi a shafa fatiha, bayan wata uku kowa yace ba haka aka ce ba.

Shawo kan Abban yara shine aikin farko kuma bai zo da sauƙi ba. Saƙon da ya fara aikowa shine shi bai saki ba kuma ba zai saka ba, in ina so in kai shi ƙara. Kawu bai je wajensa ba, wajen Yayansa ya je a Unguwar Dosa bayan sallar isha'i, suka zauna su biyu. Ban san duk abinda suka tattauna ba amma na san abu biyu sun yi tasiri, shi ma'aikacin gwamnati ne baya son a kai masa sammaci ofis, na biyu kuma an tabbatar masa shi zai zaɓi lauyansa da kansa ba wanda zai zaɓar masa. Sai da akayi sati biyu sannan yace toh. Lauyan nasa bai taɓa yin irin wannan ba, da ya karanta sharaɗin janyewa sai da ya kira Barista a waya suka daɗe, ƙarshe suka daidaita kan kowa zai biya lauyansa kuɗin zama-zama.

Zaman farko mu 7 ne. Ni da Barista da Kawu, shi da lauyansa da Yaya, sai Malam limamin da ya ɗaura aurenmu wanda dukanmu muka yarda da shi. Wata biyu rabon da in ganshi, ya rame, yana shigowa ya durƙusa ya gaida Kawu yadda ya saba kamar ba abinda ya faru, wallahi sai da naji wani abu ya tsaya min a maƙogwaro. Muka sa hannu a takardar shiga, ina ta jiran a fara maganar saki, sai Malam yace a'a, shi ba zai zauna a raba aure ba sai an gwada gyara tukuna, ayar da aka kafa zaman a kanta ma maganar gyara take yi. Ranar gaba ɗaya a nan ta tafi. Aka ce kowa ya faɗi damuwarsa ɗayan ba zai katse shi ba, kuma a shekara 11 ranar ce ta farko da na yi magana ta minti ashirin yana zaune yana ji. Shima ya faɗi nasa, wasu sun min zafi, wasu kuma gaskiya ne. Malam ya bamu sati uku muyi istihara. Raina ya ɓaci a lokacin don gani nake ana ja min rai, amma yanzu ina gode wa Allah da sati ukun nan, don ko yarana suka girma suka tambaye ni zan ce musu an gwada.

Da muka dawo amsata bata canza ba. Shima da Malam ya tambaye shi ya daɗe kansa a ƙasa sannan yace in dai bata so ba zai riƙe ta dole ba. Malam ya karanto aya ta 229 a Baƙara, ko a riƙe da alheri ko a saka da kyautatawa, yace tunda na farkon ya gagara sai ku tsaya ku yi na biyun da kyau.

Daga nan aka shiga kuɗi, kuma a nan na gane amfanin lauyoyin. Kowa ya kawo takardun bankinsa na wata shida da takardar albashi. Ni kunya ma ta kama ni don sai da na faɗi adashen da nake zubawa bai sani ba da sarƙar gwal da na ajiye wajen Mama. Barista tace in kika ɓoye aka gano daga baya duk yarjejeniyar ta rushe, kuma ni bazan taya ki ɓoyewa ba. Da aka buɗe nasa sai ga bashin banki ana cire masa kusan kashi ɗaya cikin uku na albashi duk wata, ya ci ne lokacin jinyar mahaifinsa, shekara biyu yana biya bai taɓa faɗa min ba. Ni kuma duk tsawon lokacin nan da cefane ya ragu zargina aure zai ƙara yana tara kuɗin lefe. Na kalle shi nace Abban yara me yasa baka faɗa min ba? Yace ina namiji zai fara. Wannan bai gyara auren ba don matsalarmu ta wuce nan, amma ya sa na daina neman adadin da na zo da shi a raina, don na ga da idona babu shi.

Sai fili. Muna da fuloti ɗaya a wajen Rigachikun, na zuba kuɗin adashena har kwasa biyu a ciki amma takardar sunansa kaɗai ne, kamar yadda yawancinmu mata muke yi, ki miƙa kuɗi a ɗaki ba shaida ba rubutu. Barista ta riga ta gaya min a kotu sai na kawo hujja kuma bani da ita sai alat guda ɗaya. Lauyansa ya fara cewa ai a takarda, sai Yaya ya ɗaga masa hannu ya juya yace wa ƙaninsa, kai tsakaninka da Allah ta saka kuɗi ko bata saka ba? Yace ta saka. Nawa? Ya faɗa, kuma abinda ya faɗa bai rage ko naira ba. Da a gaban alƙali ne ana masa tambayar ƙure ban san ko zai faɗa ba, mutum in aka matse shi a bainar jama'a kare kansa yake yi. Aka kira dillalai biyu daban suka yi wa filin kuɗi aka ɗauki tsakiya.

Maganar irin sakin ma sai da aka zauna a kanta, don da yawanmu bamu san bambancin ba sai abu ya same mu. Malam ya bayyana cewa in ya yi saki ɗaya na kome, ciyarwata da wurin zamana na kansa har in gama idda, amma yana da ikon mayar da ni cikin iddar ko ban so ba. In kuma khul'i ne zan mayar da sadaki, kamar matar Sabitu ɗan Ƙaisu da Annabi (SAW) yace ta mayar masa da gonarsa, kuma babu kome sai da sabon ɗaurin aure da yardata, sai dai a mazhabar Malikiyya bani da ciyarwar idda tunda bani da ciki, wurin zama kawai. Ya kuma ja masa kunne cewa haramun ne a ƙuntata wa mace don ta fanshi kanta. Kawu yana so ayi na farkon don kada in yi asara, ni nace a'a Kawu khul'in nake so, bana son in kwana wata uku ina fargabar saƙon na mayar da ke. Aka cire kuɗin sadakin daga kasona na fili, ko sisi bai fita daga hannuna ba. Kayan ɗaki kuwa ba'a ja ba, abinda iyayena suka kai nawa ne, firij da talabijin da ya saya na ce a bar su inda yaran zasu zauna ya amince.

Zama na uku shine ya kusa wargaza komai, yara.

Hajiya mahaifiyarsa ta aiko da saƙo ta bakin Yaya cewa jikokinta ba zasu tashi a gidan wasu ba, a bar min autan har ya ƙara wayo, manyan biyu a kai mata su Kawo. Ban san sanda na miƙe ba, nace in haka ne a tashi mu haɗu a kotu, na ɗauki jakata na fita har bakin titi ina rawar jiki. Barista ta biyo ni, bata lallashe ni ba, tace ki tafi in kina so haƙƙinki ne kuma ina ganin zaki yi nasara, amma ki sani daga yau ni ba lauyarki bace, duk abinda aka cimma kan fili ya koma sifili, kuma Hajiyar nan da zaki kayar a kotu kakar yaranki ce har ta mutu. Tace ki bari Malam yayi magana tukuna, ko minti goma ne.

Na koma. Malam yace shi ba ra'ayinsa zai faɗa ba, abinda ke cikin littafan fiƙihun da alƙalan ma ke hukunci da su zai faɗa. Riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har tayi aure ta tare, uba kuma ciyarwa da tufatarwa da karatu da magani da kula da tarbiyya na kansa duk inda suke. In uwar tayi wani aure riƙon ya koma wajen mahaifiyarta kafin a zo ga dangin uba. Yace wannan da ake yi na uba ya kwashe yara ranar saki al'ada ce, ba shari'a bace. Lauyansa, abin mamaki, ya gyaɗa kai yace haka ne, ya kuma faɗa wa wanda yake karewa a gabanmu cewa ko an je kotu abinda zai ji kenan. Ɗakin yayi tsit. Can sai Abban yara yace shi ba ƙwace su yake so ba, tsoronsa kada a wayi gari su ɗauke shi baƙo, ya ga yadda abokinsa ke tsayawa a ƙofar gidan tsofaffin surukansa ana ce masa yaran sunyi barci. Muryarsa na rawa ya faɗa.

Toh daga nan sai zaman ya canza, aka daina maganar waye zai samu aka koma yaya za'ayi. Mun kai kusan magariba muna rubutu. Zai ɗauke su Juma'a bayan makaranta ya dawo da su Lahadi da la'asar sati ɗaya bayan ɗaya, sauran satin kuma yana iya zuwa ya gansu in ya kira. Ƙaramar sallah a wajena babbar sallah a wajensu, dogon hutu a raba biyu, kuma rabin nasa a gidan Hajiya zasu yi, wannan ni na kawo shi da kaina. Kuɗin makarantar boko da Islamiyya shi zai biya kai tsaye a asusun makaranta kada ya bi ta hannuna balle a ce na ci. Kuɗin ciyarwa kafin 5 ga wata ta banki, kuma a sake duba shi duk shekara, da kuma ranar da bashinsa ya ƙare, don kowa ya san yadda farashin kaya yake a ƙasar nan, adadin bana ba zai sayi abincin baɗi ba. Asibiti in na gaggawa ne in kai in kira shi a hanya. Ba wanda zai fitar da su daga Kaduna fiye da sati ba tare da sanin ɗayan ba. Mun rubuta har da abinda zai faru in nayi aure, yaran su zauna wajen Mama a Tudun Wada kwanakinsa kuma su ƙaru. Akwai layi ɗaya da Kawu ya sa aka ƙara, ba mai zagin ɗaya a gaban yara, ba mai aiken yara da saƙon faɗa, kuma in an saɓa Kawu da Yaya za'a fara kira kafin kowa.

Wani zai ce duk wannan ai sai masu kuɗin lauya. Gaskiya kuɗi sun fita, sarƙar nan sai da na saida ta. Amma ko babu lauya ana iya zaunar da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare da malamin da ya san fiƙihu a samu mai rubutu, abinda na ga ya fi komai aiki shine kowa na da nasa mutum a gefensa, kuma an rubuta. Sannan ina roƙon 'yan uwana mata kada wata ta karanta wannan ta zauna teburi da mutumin da ke dukanta ko take tsoronsa, ko wanda ta san zai ɓoye dukiya ya rantse. Wannan zaman na buƙatar ki iya cewa a'a ido cikin ido. In babu haka ki tafi kotu kai tsaye, alƙali na da ikon raba auren saboda cutarwa ba tare da kin biya ko kwabo ba, kuma ba abin kunya bane.

Zama na huɗu bai kai awa ɗaya ba. Malam ya sa Barista ta tambaye ni a gefe ko ina cikin tsarki, nace eh. Aka karanta yarjejeniyar shafi 4 da Hausa daga farko har ƙarshe, kowa ya sa hannu, Kawu da Yaya suka sa a matsayin shaidu, lauyoyin suka ce duk ranar da muka ga buƙata ana iya kai ta gaban alƙali ya tabbatar da ita ta zama hukunci. Sannan Abban yara ya karɓi biro ya rubuta takardar sakin da hannunsa. Da zai miƙo sai ya miƙa wa Kawu, yace Kawu ga amanarku nan, a yafe min. Ya juyo yace Maman yara ki yafe min. Nace nima ka yafe min. A keke muna komawa ne kukan da nace ya ƙare ya dawo, Kawu bai ce min komai ba har muka iso gida.

Iddata a gidan da muke haya nayi ta da yaran, shi ya koma wajen Yaya har na gama tsarki uku, kamar yadda Malam yace ba'a fitar da mace daga ɗakinta. Hajiya ta yi wata huɗu bata amsa gaisuwata a waya ba, ban daina kira ba duk Juma'a, ranar da ta fara amsawa tambayar farko da tayi min ita ce ko autan ya daina tarin nan.

Yanzu shekara ɗaya da rabi kenan. Sau ɗaya aka samu matsala, zangon da makaranta ta ƙara kuɗi ya biya rabi yayi shiru har aka koro na tsakiyan. Na ɗauki waya zan kira shi raina a ɓace sai na ajiye na kira Kawu, Kawu ya kira Yaya, aka zauna a zauren gidanmu da takardar a hannu. Ashe albashi ne ya makara. Aka ƙara layi ɗaya a bayan shafi na 4 cewa in hakan zata faru ya sanar kafin sati biyu, ni in cike daga wajena ya mayar min ƙarshen wata, muka sake sa hannu. Ya mayar ranar 28.